Dakta Ladi Yashim, Likitar Makera Da Ba Ta Daina Karatu Ba

Haihuwa da Karatu

An haifi Ladi a shekarar 1958 a garin Zonkwa. Mahaifinta, Matthew Yashim, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta Saratu kuwa manomiyar citta ce. Ta yi firamare a Zonkwa da sakandare a Kafanchan, sannan ta samu gurbin karatun likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ta kammala a 1983.

Aure da Iyali

A 1986 ta auri Injiniya Gideon Kazah, ma'aikacin masaƙa a Kakuri, mutum mai barkwanci, wanda ya sha faɗa wa abokansa cewa ita likita ya aura, amma mujallun likitanci ne suka tare a ɗakinsa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Aiki

Bayan ta yi aikin gwamnati, a 1994 ta buɗe ƙaramin asibitinta a unguwar Makera, inda 'yan kasuwa da ma'aikatan masaƙa suka laƙaba mata Mama Dakta. A nan ta assasa zaman ƙarshen wata, inda likitocin unguwannin da ke kewaye ke haɗuwa ana shan kunu, ana muhawara kan sabon binciken da kowa ya karanto.

A 2004 ta gamsu da hujjojin da ke nuna cewa kulorokwin ya daina kashe zazzaɓin cizon sauro yadda ya kamata, don haka ta daina bayar da shi. Jama'a ba su ji daɗi ba, domin allurarsa suka sani tun suna yara, har bencinan asibitin suka fara zama wayam. Cikin wannan hali ne Malam Zakariyya'u, wani tela, ya kawo 'yarsa Nafisa jikinta zafi rau, bayan an yi mata allurar a wani wuri ba ta ji sauƙi ba.

“Mama Dakta, ki ƙara mata allurar nan mana,” in ji shi.

Ta ce, “Malam, ciwon ya saba da ita. Ka ba ni dama in gwada abin da aka tabbatar yana aiki.”

Ya yarda da ƙyar. Kafin mako ya zagayo Nafisa ta miƙe tana neman tuwo, tela kuwa ya baza labari a kasuwa fiye da rediyo. Da gwamnati ta sauya tsarin maganin a shekarar da ta biyo baya, bencinan sun riga sun cika.

Shekarun Ƙarshe

Bayan rasuwar maigidanta a 2015 ta koma Unguwar Boro da zama, ta koyi bin laccocin likitoci ta waya, tana jefa wa malaman tambayoyi har sai lokaci ya ƙare. Duk matashin likitan da ya yi mata gyara da hujja, sai ta yi dariya ta gode masa a gaban majinyaci.

Rasuwa

Ta rasu a watan Yuli na 2023 bayan gajeriyar rashin lafiya, aka binne ta a Zonkwa bayan addu'o'i a coci. Ta bar 'ya'yanta uku: Joy, lauya a Abuja, da Tony, manomi a Kakau, da autarta Dakta Vicky, wadda ta buɗe ƙofar asibitin Makera ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan jana'izar, ta tarar da layi har bakin titi.