Maƙoƙon Inna

Tun ina ƙarama na san Inna da maƙoƙo. Da farko bai wuce ƙwan zabo ba, gyale take rufe shi da shi in za ta biki. Daga baya ya yi ta girma har ya karkata hagu. Ta daina kwanciya rigingine, sai ta jingina da buhun gero ta yi barci a zaune. In tana surfe, daga zaure ake jin numfashinta.

Ni na matsa aka kawo ta daga Nasarawa Burkullu zuwa Gummi, inda nake koyarwa. Likita ya ce sai aiki. Ana gobe za a yi, ma'aikaciyar da ke sa marasa lafiya barci ta zo gadonta, wata Kirista daga Kudancin Kaduna wadda ta daɗe cikinmu har bakinta ya koma irin namu. Ta sa Inna ta buɗe baki, ta ɗaga haɓa, ta daɗe tana leƙawa. Ta ce mini wanda aka sa wa barcin tiyata sai an zura masa bututun numfashi ta maƙogwaro, ga shi maƙoƙon ya ture hanyar gefe. Za ta gwada, amma in ba ta ga hanyar ba, ba za ta tilasta ba.

Da hantsi aka shiga da Inna. Ba a jima ba aka turo ta waje. Har na fara hamdala, na ɗauka aikin ne ya zo da sauƙi, sai na ga wuyanta babu bandeji.

Ma'aikaciyar ta ja ni gefe, idonta ja. Ta ce ƙarfen da take danne harshe da shi, mai ɗan ƙwan fitila a baki, bai nuna mata komai ba sai nama, numfashin Inna kuma ya fara sauka, dole ta tashe ta. Akwai wani irinsa mai lanƙwasa sosai, da kyamara a bakinsa, yana nuna hanyar a allo. Ta taɓa riƙe shi da ta je kwas Sakkwato. Nan babu.

Da Inna ta farfaɗo, hannunta ya tafi wuya. Leɓenta ya fashe, muryarta ta dushe.

"Ba su cire shi ba?"

"Ba su cire ba, Inna. Sai mun tai Sakkwato."

Ta juya fuska bango.

Na yi ta lallashi. Yayana ya ce a bari hanya ta lafa, don lokacin ana yawan tare motoci. Ita kuwa gida kawai take so.

"Ɗiyata, sun kwantar da ni, na yi shahada, na tashi da abina. Ban sake kwantawa."

Ta koma. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye hanyar ƙauyen. Ina cikin aji yayana ya kira ni ya ce Inna ta rasu, kafin in samu babur da zai yarda ya kai ni har an rufe ta.

Bayan kaka na gamu da ma'aikaciyar a kasuwa, ta tambaye ni jikin Inna. Na faɗa mata. Tana tsaye da ledar tumatir a hannu ta ce ko a makon nan ta tashi wani tsoho ba a yi masa aiki ba, ta ce da 'ya'yansa su kai shi Sakkwato.