Baba Mai Makulli da Ƙazafin da Na Yi Masa

Kullum da hantsi zai ɗaga ƙofar ɗan shagonsa a lungun masu gyaran mota, ya rataye allon makullan da ba a yanka ba, ya zauna da magagarinsa. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai rufe, ido ya gaza. Baba Mai Makulli kowa ke ce masa. Da kunya nake wannan jinjina, domin duk lungun babu wanda ya cuce shi kamar ni.

Mai faci ya ga ranar da Baba ya sallami wani mai ƙaton agogo, don ya kasa nuna takardun motar da yake so a yi wa makulli. Direban motar 'yan makaranta ya ce sau biyu yana buɗe masa mota da makulli a ciki, ko fenti bai karce ba.

Nawa labarin babu daɗin ji. Da tsohuwar motar da mahaifinmu ya bari nake kai Inna wankin ƙoda duk Talata. Makullin motar ya siɗe, sai an yi ta jijjiga kafin ta tashi. Na kai wa Baba na ce ya yanka min irinsa.

Ya juya shi a tafin hannu. "Malam, in na kwafi wannan, tsufansa na kwafa. Bari in cire makullin ƙofar fasinja, ba a cika taɓa shi ba, cikinsa na nan garau. Da shi zan auna. Ka ba ni zuwa la'asar, kuma tagulla zan sa maka, ba masu ƙyallin nan ba."

"Ƙofa kuma? Makulli na kawo maka, ba ƙofa ba!"

Na fice a fusace. Wani mai tebur a bakin titi ya yanka min mai ƙyalli cikin minti biyar. Da a nan na tsaya, da sauƙi. Sai na zauna a bencin bakanike na ce a yi hattara da tsohon nan, cire makullin ƙofa yake yi ya ajiye wa ɓarayi kwafi. Ban gani ba, ban ji ba, bakina ne kawai ya yi ƙaiƙayi. Magana ta zaga lungu. Wata uku ina wucewa ina ganinsa zaune babu mai leƙo shi, ina kau da kai.

Wata Talata, Inna na kishingiɗe a kujerar baya, na murɗa, mai ƙyalli ya karye, rabinsa a ciki. Bakanike ya ce sai an fasa wurin, aikin yini biyu. Shi ya kira Baba. Baba ya zo da 'yar jakarsa, ya gaida Inna, ya durƙusa da siririyar waya. Cikin awa guda ya zaro guntun, ya cire makullin ƙofar, ya goga sabo a kan gwiwarsa. Murɗa ɗaya motar ta tashi, muka riski layinmu a asibiti.

Washegari na je na ce, "Baba, ka yafe min."

"Na yafe tuntuni," in ji shi. "Amma ba a kunnena ka faɗi waccan maganar ba, Malam. Inda ka kai ta, can za ka kai wannan."

Na kasa. Shekara guda ina cewa gobe.

Baba, kai ne mai hannun amana. Kai ne ka san wanda ya kore maka mutane, ka kuma durƙusa a gaban motarsa saboda tsohuwar da ke ciki. Na gode, Allah ya saka maka, ya sa ka huta lafiya. Masu tasowa a sana'ar nan, ku je ku zauna kusa da shi kafin ya rufe, ku koyi aunawa kafin yankawa.

Bakanike, mai faci, da duk wanda ke kan bencin nan ranar, ku shaida: Baba bai taɓa ajiye makullin kowa ba. Ƙarya na yi masa.