Kuɗin Fansar Gonar Fadama

Da gonar fadamarmu aka saya mini tikitin zuwa Alƙahira. Gurbin karatun kyauta na samu, amma jirgi da fasfo da 'yan kayan sawa sai da kuɗi, don haka Baba ya jinginar da gonar ga wani Alhaji mai sayen hatsi a kasuwar garinmu. Sharaɗin shi ne Alhajin zai yi ta nomanta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Ba a gaya mini ba sai a tasha, ina riƙe da jaka, direba ya riga ya tayar da mota. Baba ya ja ni gefe ya ce, "Gonar nan a wuyanka take. In Allah ya hore maka, ka tuna da ita." Na ce to. A ƙarshen shekarun casa'in ke nan, ban cika ashirin da biyu ba.

Shekaru biyun farko ban iya taɓuka komai ba. Mu huɗu muke haya a unguwar Abbasiya, a hawa na biyar. Ɗan tallafin da ake ba mu duk wata, wanda muke kira minha, ba ya kaiwa ashirin ga wata. Akwai wani dattijo Bamisire mai kanti a ƙasan gidan, muna kiransa Ammu, shi yake ba mu shinkafa da mai da sukari bashi yana rubutawa. Shafina ya fi na kowa tsawo. In na shigo gidan sai in sunkuyar da kai in hau bene da sauri, shi kuma ya yi kamar bai gan ni ba.

A shekara ta uku Inna ta aiko mini da kaset ta hannun wani ɗalibi da ya dawo daga hutu. Ta gaishe ni, ta lissafa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu, can wajen ƙarshe ta ce ta bi ta fadama za ta gidan biki, ta tarar da 'yan ƙodagon Alhaji suna cire albasa a gonarmu, ɗaya daga cikinsu har ya miƙo mata guda biyu. Ba ta roƙe ni komai ba. Da kaset ɗin ya ƙare na ɗauko littafin nahawu na buɗe bangon baya, na rubuta abin da Ammu yake bi na, na rubuta kuɗin gona a ƙasansa, na raba su gida goma sha biyu. Na yi wa kaina alkawari daga wannan Babbar Sallah zuwa ta baɗi zan gama da su duka.

Aikin da ɗalibi irina zai samu ɗaya ne: raka 'yan kasuwar ƙasarmu zuwa kasuwar Ataba. Sukan zo sayen abaya da takalma da labule, ba su jin Larabci, sai in yi musu tafinta, in taya su ciniki, in kai kayan wurin masu ɗaurewa. Ɗan kasuwa ya ba ni na wahala, mai shago ma ya ɗan sa mini wani abu a hannu bayan an fita. Daga Abbasiya zuwa Ataba da ƙafa nake zuwa don kada in biya bas. Na shiga adashi da ma'aikatan shagunan, su suna ce masa gam'iyya, na roƙa aka ba ni ɗauka ta ƙarshe don kada kuɗin su zo hannuna in taɓa.

Ammu na fara biya. Wata huɗu na ɗauka. Ranar da na kai masa cikon ya ja layi a kan shafin, ya ce, "Khalas, an gama, ɗana," ya ba ni shayi. Shi ne kaɗai bashin da na biya a rayuwata na ga an soke shi a gabana.

A gidanmu tukunya ɗaya muke yi, kowa ya kawo kasonsa. Mai riƙe kuɗin wani ɗan Damagaram ne da muke ɗaki ɗaya, mutumin kirki, shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka. Na ce masa a cire ni daga kuɗin naman Juma'a. Mako biyu ya ci gaba da zuba mini naman duk da haka. A na uku ya ce, "Malam, ba za mu ci nama kana kallo ba, kuma ba za mu iya ɗaukar kasonka kullum ba. Ka faɗa mini yadda za a yi."

Na ce a cire ni daga tukunyar gaba ɗaya.

Daga nan na koma cin burodi da wake a tsaye a bakin titi, safe da yamma. Muka ci gaba da kwana ɗaki ɗaya, amma hira ta ragu har ta koma gaisuwa. Ya gama karatu ya tafi ban raka shi filin jirgi ba, saboda ranar ina da baƙi a Ataba.

Karatun ma ya ji jiki. 'Yan kasuwa ba ruwansu da lokacin lacca, in sun sauka sai a tafi. A ƙarshen shekara na faɗi darasi uku, aka ce in maimaita aji. Na rubuta wa gida cewa an ƙara mana shekara, ban faɗi dalili ba.

Amma kuɗin sun cika. Kwana goma kafin Sallah na ɗauki adashina, na haɗa da abin da na ɓoye, na canza su dala. Na ba wata Hajiya 'yar Kano da na saba yi wa tafinta, mai amana, na ce yayana zai zo shagonta ya karɓa. Shi ne babba a gidanmu, kuma tun da ƙafar Baba ta fara ciwo komai ta hannunsa yake bi. Ranar Sallar nan na sayi rabin kaza na ci ni kaɗai.

Bayan wata biyu wasiƙar Yaya ta iso. Ya ce saƙo ya zo, Allah ya yi albarka. Sai dai Alhaji ya ce naira ta faɗi tun lokacin da ya ba da kuɗin, ba zai karɓi adadin da ya bayar ba, sai an ƙara kusan rabi. Ya ce sun ba shi wanda na aiko ya riƙe, saura ciko. Na ji haushin Alhajin ƙwarai. Har na je ɗakin karatu na duba abin da malamai suka ce a kan biyan bashi in kuɗi sun karye, na kwafo shafi biyu na aika wa Yaya ya kai wa limami. Bai taɓa ba ni amsa a kan wannan ba. Na sake buɗe bangon littafin na raba sabon adadin gida goma sha biyu.

Shekara ta biyu ta tarin kuɗin ta fi wuya. Kuɗin Masar ma suka fara faɗuwa, abin da na tara ya riƙa raguwa in an juya shi dala. Na sayar da littattafan tafsirin da na saya a shekarar farko. Duk da haka kafin azumi na aika rabin cikon ta hannun Hajiya.

Bayan ƙaramar Sallah, wata safiya, wani mai masauki a Ataba ya aiko a kira ni, wai ga baƙo daga Najeriya yana neman tafinta. Da na je sai na tarar da babban ɗan Alhajin nan ne, wanda muka yi firamare tare. Ya yi ƙiba, ya buɗe shagon yadi a Katsina. Muka rungume juna, muka shiga kasuwa. Muna tsaye a shagon labule, mai shago ya shiga ciki ɗauko wani launi, sai na ga dama ta samu. Na ce, "Don Allah in ka koma ka gaya wa Alhaji ya ƙara haƙuri. Cikon nan kafin Babbar Sallah zai iso in sha Allahu."

Ya dube ni ya ce, "Wane ciko?"

"Na gonar fadama."

"Gonar ai an daɗe da gamawa. Alhaji ya cika musu kuɗi ya saye ta tun shekarar da ka tafi ta zagayo. Ni na kai takardar gidan mai unguwa, Babanku ya dangwala, yayanka ya sa hannu. Har mun dasa mangwaro a gefen rafi." Sai ya lura da fuskata, ya rage murya. "Ba su gaya maka ba?"

Mai shago ya fito da labulen. Na juya na ci gaba da ciniki, na sa aka rage masa, muka zaga shago shida bayan wannan. Da la'asar ya ba ni kuɗin wahalata har da ƙari. Na karɓa.

A lokacin wayar hannu ta shigo ƙasarmu, kuma Yaya yana cikin waɗanda suka fara riƙe ta a garinmu. Ban taɓa tambayar kaina da me ya saye ta ba sai ranar. Washegari na je shagon buga waya na kira shi. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, yaushe aka sayar da gonar?"

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ɗan Alhaji yana nan Alƙahira."

"To, ai ka ji. Ƙafar Baba ce, asibiti ya ci kuɗi, ba mu da wata hanya."

"Kuɗin da na aiko fa?"

"Gida suka shiga. An rufe ɗakin Inna da kwano, an yi wa ƙanwarka kayan ɗaki, an ci abinci. Kai kana can ana ba ka kuɗi duk wata, mu muna nan da mutum goma sha ɗaya. Da mun ce maka gona ta tafi, za ka aiko da ko sisi?"

Na ce, "Baba ya san abin da ka rubuto mini?"

"Shi ya ce kada a tayar maka da hankali kana karatu."

Na ajiye wayar. Na biya mai shago na fito na zauna a bakin titi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da ya yi, domin ban san amsarta ba. Wataƙila da na aika, wataƙila da ban kai rabin haka ba. Amma da an bar ni na zaɓa.

Sauran kuɗin da ke hannuna na sayi tikitin hutu da su, karo na farko cikin shekara biyar. Baba ya tsufa sosai, da sanda yake tafiya. Na yi kwana arba'in a gida, kullum da yamma ina zaune kusa da shi a ƙofar gida, bai ambaci gonar ba, ni ma ban ambata ba. Inna ce kaɗai ta kira ni ɗakinta ana gobe zan koma, ta ce ita ma ba ta sani ba sai daga baya, lokacin da ta yi mini kaset ɗin nan tana zaton jingina ce. Na yarda da ita. Ta ce in yafe wa yayana don zumunci. Na ce na ji.

Na koma na gama karatu, shekara ɗaya bayan 'yan ajinmu, da sakamakon da bai isa a ba ni gurbin digiri na biyu ba. Baba ya rasu ina shekarar ƙarshe. Na dawo na kama koyarwa a wata sakandare, a nan nake har yanzu. Ni da Yaya muna gaisawa, 'ya'yansa biyu ma a gidana suka yi karatu. In ya ce ana bukatar magani, sai in ce ya turo sunan maganin in saya da kaina. Ya san dalili, bai taɓa tambaya ba.