Na Je Babura Ganin Husufi, Na Dawo da Jiƙaƙƙiyar Riga

Na yi kwanaki ina jinkirin rubuta wannan labari. Ni tela ne a Kazaure, karatuna bai wuce firamare ba, kuma wanda ya je kallo bai ga abin da ya je gani ba, me zai ba mutane labari? Amma akwai tambayar da ta tsaya mini a rai, sai na daure.

Rediyo ce ta sanar cewa rana za ta yi husufi, kuma duk wanda ya ƙara matsawa arewa zai fi ganin ta rufe. Ina da kawu a wani ƙauye gaba da Babura. An ce kallon rana kai tsaye yana makantarwa, don haka na samo fasassun gilasai na turara su da hayaƙin aci-balbal. Na turara, na duba, na sake turarawa, har maiɗakina ta ce in rage mata mai.

Mun tashi da asuba, ni da wani abokina mai gyaran rediyo, a bayan wata motar kasuwa. Damina ce a lissafi, amma gonaki jajaye suke. Inda gero ya tsiro duk ya kwanta. A Kanya Babba muka sha fura, mai furar tana ba mu haƙuri kan ƙanƙantar dunƙulen, wai hatsi ya yi tsada. Sabon kuɗin nan na naira ma ya rikita ta, ta ce ita a yi mata magana da sule.

Muna barin garin na hango hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ban san lokacin da na ce da ƙarfi ba: "Allah ka sa hadarin nan ya washe!"

Wata tsohuwa da ke zaune kan buhu ta juyo ta ƙare mini kallo.

"Ɗan nan, allura kake ci a gidanku?"

Ashe ta ga tef ɗin awo da na manta a wuyana. Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Na ce a gafarce ni, na yi ta istigfari har Babura. Ga shi kuma hadarin ya soma ja da baya, ina ganin kamar bakina ne.

Daga Babura muka taka da ƙafa, tare da wasu mutanen Nijar da suka sauko da jakuna neman hatsi. Mun tarar da Kawu a bakin gonarsa. Shukarsa ta fari ta ƙone. Ɗan irin da ya rage ya yi binne da shi, wato ya zuba a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, kuma tururuwa ta fara kwashewa. Ya ce in aka ƙara kwanaki haka, babu iri, babu na saye. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi murmushi.

"Rana kuka zo gani? Ai mu nan mun gaji da ganinta."

Ban iya gaya masa addu'ar da na yi a mota ba.

Wajen tsakar rana haske ya fara dusashewa, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, yara suka fito suna dukan gwangwani. Na ciro gilashina ke nan, liman ya yi kiran a taru a yi sallar husufi. Na tsaya da gilashi a hannu. Kawu ya wuce ni ya nufi wurin sallar. Na mayar da shi aljihu na bi bayansa, da tunanin in an sallame zan kalla.

Sallar tana da tsawo ƙwarai. A sujada na roƙi Allah ya soke addu'ata ta safe, ya ɗauki ta Kawu. Ba na cewa don ni aka yi, ƙauyen duka sun daɗe suna roƙo. Amma muna tsayuwa ta ƙarshe duhun ya ƙaru, na ji ƙanshin ƙasa, sai ɗigo a ƙeyata. Kafin a sallame ruwa ya kece. Dattijon da ke gefena yana kuka, yana ƙoƙarin kada a ji.

Rana ba ta sake leƙowa ba sai la'asar, a cike kamar kullum. Abokina, da ya makara wajen alwala, ya ce ya gan ta sau ɗaya a cikin ƙwaryar ruwa, wai kamar an gatsi waina. Ni kuwa baƙin gilashin ya narke ya ɓata mini aljihun farar rigata. Kawu ya taɓa wurin ya ce, "To ga husufinka nan, ka tafi da shi gida."

Washegari muka dawo. Motar ta kafe a laka, muka sauka muka tura, ba wanda ya yi ƙorafi. Abin da na koya shi ne in riƙa duba waɗanda ke zaune kusa da ni kafin in roƙi wani abu daga sama. Jiya Kawu ya aiko cewa geron ya tsiro.

Roƙona ga masu karatu, musamman waɗanda suke can cikin Nijar a ranar: da gaske ne an ga taurari da tsakar rana? Wanda ya gani da idonsa, don Allah ya bayyana mini yadda abin ya kasance.