Mijin da Ya Koma Yaya

A ƙauyenmu da ke ƙasar tsibiran Tonga, in aka ambaci Visesio, dariyarsa ake fara tunawa kafin doyarsa, alhali babu wanda ya kai shi noma. Ya daɗe yana tuzuranci. Sai da furfura ta yi masa sallama ya auri Akanesi, wadda mijinta na coci, Polikalepo, ya tafi tsinkar tuffa New Zealand, ya samu wata, ya sake ta ta hanyar kotu. Hukuma ta ɗaura wa Visesio aure, coci kuwa ta ce igiyar farko tana nan daram, saboda haka babu su babu Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake karɓa a coci.

Shi abin bai hana shi barci ba. Amma Akanesi 'yar katikis ce, wato mai koyar da addini a coci, a gindin bagade ta girma. Duk Lahadi in aka tashi karɓar jibi, sai ta sunkuyar da kai, mutane suna tsallake ƙafafunta. In sun koma gida ko loma ba ta iya haɗiyewa.

Da abin ya ishe shi, ya je ya sami Fada, limamin cocinmu.

"Fada, matar nan za ta bushe a hannuna. Babu wata dabara?"

"Ba ni na kafa dokar ba, Visesio, daga sama take. Hanya ɗaya ce, ku zauna kamar wa da ƙanwa."

Raba shimfiɗa kawai Fada yake nufi, Visesio ma ya gane. Sai dai mu nan ba mu san wa da ƙanwa rabi-rabi ba. Wa ba ya kwana rufi ɗaya da ƙanwarsa, ba ya yi mata barkwanci, ko tabarmarta ba ya takawa. Da Akanesi ta miƙa harshe don karɓar jibi gaban bagade alhali yana kwana cikin gidan, da matan zumunta sun cinye ta ɗanya. Don haka ya kafa bukka a bayan gida, kusa da garken aladu, ya kwashe komatsansa ya koma.

A wurin shan kava, jiƙon saiwar da ake sha a dandalin hira, maza suka samu abin yi.

"Kai Visesio, yaushe za ka aurar da ƙanwar nan taka? Muna ciki fa!"

Ya taya su dariya, ya sake taya su, daga baya ya daina zuwa.

Akanesi ta koma layin jibi, fuskarta ta washe. Amma ita ma abin yana cin ta. Wata rana ta ajiye masa rogo da kifi a ƙofar bukka, ta tsaya.

"Visesio, mu haƙura da abin nan. Ka dawo ɗaki."

"Ki koma benci kina kallon bakin mutane? Yi tafiyarki, kada a gan mu."

Haka shekaru suka shuɗe. Da ciwo ya kwantar da ita, mata ne suka yi jinyarta, shi kuwa daga bakin taga yake tambayar jiki. Ranar da ta cika, kukan mata ne ya sanar da shi. Ni kam har gobe abin yana ƙona min rai, domin duk waɗanda suka yaba masa a coci babu wanda ya ce masa shiga ka riƙe hannunta.

Ranar jana'iza ya nufi inda aka shimfiɗe ta. Babbar gwaggonta, wadda maganarta ce doka a wurin makoki, ta tare ƙofa.

"Ina zuwa? Da bakinka ka zama wanta a gaban Allah. Wa kuwa wurinsa bakin wuta."

Aka ɗaura masa yagaggiyar tabarma a ƙugu, irin ta masu hidimar makoki, ya koma wurin gashi. Ana haka mota ta sauke Polikalepo daga filin jirgi, ya yi ƙiba, da baƙar kwat. Aka kai shi har kusa da kan gawa aka zaunar. Ta lasifika Visesio ya ji Fada yana roƙon Allah ya ba mijinta Polikalepo haƙurin rashi, jama'a suka amsa da amin.

Can wata mata ta leƙo cikin hayaƙi.

"Visesio, yi sauri mana! Mijin marigayiya bai sa komai a cikinsa ba."

Ya yanko naman alade ya sa a ganye, ya kai har bakin ƙofa, inda aka yarda ya tsaya. Polikalepo ya karɓa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da ƙoƙari. Kai kuma me kake gare ta?"

Visesio ya dubi farin mayafin da aka rufe ta da shi, ya ce, "Yayanta ne."