Inno da Zomayen Sabi'u

Duk wanda ya san Inno matar Haladu maharbi, da tsaki ya san ta. Mace ce 'yar siririya, mai tsabtar da har takan gundiri maƙwabta: ba ta shan fura a ƙwaryar da ba ita ta wanke ba, tabarmar da baƙo ya tashi a kai kuwa sai ta sha rana. A cikin garin Kura aka haife ta, gidan marina. Ita da kanta ta ga Haladu a kasuwar Bunkure ta ce ta ji ta gani, ba ta tsaya tambayar su wa yake zaune da su ba. Ranar da aka kai ta ƙauyensu, can bakin babban kanal, karnuka ne suka fara yi mata maraba.

Dangin Haladu ba su daɗe da musulunta ba. Sun bar abubuwa da yawa na kakanni, amma ba su bar kare ba. Inno ta yi kuka, ta yi yaji, ta dawo, karnuka suna nan. Daga ƙarshe aka yi sulhu: su bayan rumbu, ita tsakar gida, kaskonsu kuma ko da ƙafa ba za ta taɓa shi ba.

Da zarar an yanke shinkafa sanyi ya sauko, ruwan kanal ya fara hayaƙi da sassafe, sai Haladu ya rataya kwari, ya ɗauki baka, karnuka na gaba yana biye. Zomaye sukan shiga fangalin 'yan noman rani su ci latas da ganyen karas, gari na wayewa su lafe a ciyawar gefen ruwa. Karnuka su tayar, zomo ya zura, ya ɗan tsaya ya ɗaga kunne, nan kibiya take samunsa. Haladu ya ruga ya yi bisimilla ya yanka tun da sauran rai. Wani lokacin kuma kare ne ke riga kibiya.

"Malam, wannan na kibiya ne ko na baki?" haka take tambaya kullum, tana ɗaga zomon da yatsu biyu.

In ya ce na baki ne, sai ta yanke inda haƙori ya taɓa har da kewayensa, ta wanke ta sake wankewa, tana yi tana toshe hanci da gefen mayafi. Kayan ciki kuwa da tsinken itace take ɗauka ta cilla bayan rumbu. A haka ta haifi 'ya'ya bakwai ta raine su da romon zomo, ita ko sai dai ta ɗan lasa don jin gishiri.

Da girma ya zo, yanar ido ta rufe wa Haladu gani. Yakan zauna a hantsi yana shafa tsarkiyar bakansa, tsofaffin karnukansa biyu, Duna da Kyalla, suna kwance daga nesa. Autansu Sabi'u, wanda ke aikin ban ruwa a wata gonar kayan lambu wajen Kadawa, bai taɓa iya harbi ba, bai kuma nemi ya iya ba.

Shi ya sa Inno ta yi mamaki wata safiya cikin tsananin sanyi, da ya shigo a babur ya sauke buhu gabanta. Zomaye ne cike, manya-manya, duk an yanka.

"Inna, ga na miya. Sauran kasuwa zan kai, akwai mai gasawa da ke karɓa."

"Kai da wa kuka yi wannan farauta?"

"Ni da abokaina," ya ce, ya wuce ɗaki.

Ta ji daɗi, ba ta musu. Ta zaɓi mai ƙiba ta kai wa maƙwabciyarta Salama, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, ta ce ta yi farfesu ta sha da zafinsa. Ta dawo ta feɗe guda, ta cilla wa karnuka hanjin. Kyalla ta sansana ta kau da kai. Duna ya lamushe.

A na biyu ne hannunta ya tsaya. Ta juya zomon ciki da bai, babu ramin kibiya, babu shaidar haƙori. Ta buɗa wuyan, yankan fari fat, ko ɗigon jini bai ɓata gashin ba. A bakinsa ga busasshiyar kumfa. Da ta tsaga tumbin sai wani wari ya buge ta, irin wanda ke tashi daga rigar masu feshi, ga guntayen karas a ciki sun yi shuɗi. Ta ja da baya ta tofar da yawu, ta sake tofarwa.

Sai ta ji gurnani bayan rumbu. Duna ne kwance yana shure-shure, dalala na zuba, ya ɓata jikinsa gaba da baya.

Ba ta nemi takalmi ba. Da wuƙar a hannu ta faɗa gidan Salama, ta tarar tukunya na tafasa, mai jego ta ɗauko ludayi. Inno ta sa ƙafa ta hankaɗe tukunyar, romo ya kashe wutar.

"Yaya Inno, lafiya?"

"Kin sha?"

"Yanzu dai nake shirin ɗanɗanawa."

"Mushe ne. Mushe na kawo miki da hannuna, mai guba. Tukunyar ma ki fasa ta, ni zan ba ki wata."

Ko da ta koma, Duna ya daina motsi. Haladu ya lallaba ya tsuguna kusa da shi, ya ɗora masa hannu a haƙarƙari. Sabi'u na tsaye yana ɗaure buhun a bayan babur.

"Sauke," in ji Inno.

"Inna, kowa fa haka yake yi yanzu. Ɓarna suke mana a gona. Magani ake ɗan shafa wa karas a ajiye, da safe a bi a tsince. In aka zubar da kayan cikin, naman lafiya lau ne."

"A tsince! Ka tsinci matacce, ka sa masa wuƙa don a ce yankakke ne, ka kawo wa uwarka ta dafa. Da wannan hannun kake cin tuwona? Tir!"

"Ni ban ce ki ba wa kowa ba."

"Wanda za ka kai wa kasuwa fa, shi ba kowa ba ne?"

Ya duƙar da kai yana gunaguni. Ta sa shi ya ɗauki fartanya ya haƙa rami nesa da kanal, mai zurfin da kaza ba za ta tono ba. Ta tsaya a kansa har ya juye zomayen, ya jefa buhun, ya rufe. Duna kuwa Haladu ya ce a yi masa nasa ramin daban. Ranar Inno ta ƙarar da sabulu guda a hannunta, ta yar da wuƙar da faifan da ta yi fiɗa a kai.

Ran kasuwar Bunkure ta je da kanta wurin mai gashin, ta faɗa masa gaban masu saye. Ya ce shi yankakke ake kawo masa, bai san komai ba. Ta dubi jajayen cinyoyin da ya jera a kan waya, ƙuda na bi, ta ja tsaki ta wuce. Mako na zagayowa ta ji an ce yana nan yana gashinsa.

Sabi'u ya rantse ya daina, wataƙila kuma ya daina ɗin. Ya yi aure bara, yana zuwa gaisuwa duk Juma'a, tana amsawa, tana sa masa albarka. In ya riƙo ledar nama, ko na saniya ne daga mahauta, sai ta ce ya rataye a ƙofa, ya kuma tafi da abinsa in zai tafi. Tsaraba ɗaya take karɓa daga hannunsa, rake, shi ma sai ta fere ɓawon da kanta.