Yaya, Ka Tafi Ka Bar Murfin a Buɗe

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, mai gyaran kwamfutar nan da 'yan layinsu suke kira Sai-an-gwada, bayan jinyar kwana uku kacal. Ya rasu yana da shekara arba'in da takwas. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa, da 'ya'ya uku, da kuma wata kwamfuta da ta kusa raba ni da hankalina.

Na san ba haka ake buɗe ta'aziyya ba. Sau huɗu ina yage wannan shafi ina sakewa. Amma Yaya, kai ka san ni, ban iya rubuta abin da bai faru ba, kuma abin da ya faru shi ne na yi kwana tara ina jin haushinka, ina kuka, ina sake jin haushinka.

Bari in fara da alherinka, don shi ya fi yawa. Lokacin da aka sallame ni daga aiki, na yi kwana arba'in ban leƙa waje ba, kai ka ɗauko tsohuwar kwamfuta a kafaɗa ka dire mini a tsakar ɗaki, ka ce, "Magatakarda, tunda rubutu ne cutarka, ga maganinta." Da ita na koyi buga takardu, da ita nake ci da iyalina har yau. Ba ka taɓa barin mutum ya fita daga shagonka da matacciyar kwamfuta ba. In babu kayan gyara, sai ka kwance taka ka ciro masa. Mutanen da suka zo gaisuwa, rabinsu ban san su ba, kowa da labarin abin da ka gyara masa.

Sai dai kana da hali ɗaya. Ba ka yarda injin ya yi gudun da kamfani ya yanka masa. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, in an ce gudunta uku da ɗigo shida ne, sai ka shiga shafin saiti ka tura ta zuwa huɗu da ɗigo takwas, ka ƙara mata ƙarfin wuta don ta jure. In na ce, "Yaya, mai ƙera ta fa ya fi ka saninta," sai ka ce, "Mai ƙera ta matsoraci ne irinka. Sai an gwada." Abubuwa uku kake canzawa a lokaci ɗaya, kuma ba ka rubuta ko ɗaya. Ni ne nake zama a bayanka da littafina ina rubuta lambobin da kake faɗa, kana yi mini dariya.

Aikinka na ƙarshe na Inna ne. Idonta ya yi rauni, don haka ka tattara tsofaffin hotuna da kasa-kasan bidiyo na zamanin Baba, ka jera su a kwamfutarka ta gida, ka ɗora muryarka a kai kana gaya mata wane ne wannan, wace ce waccan. Abin da ya rage kawai a danna, injin ya haɗe su ya fitar da fim ɗaya, aikin awa uku. Ba ka kai ga dannawa ba. Auta, ƙanwarmu, ta ce ranar Asabar ta makon gaba za ta tafi da Inna gidanta, tafiyar yini guda, kuma Allah kaɗai Ya san ko za ta sake dawowa. Inna ba ta roƙe ni komai ba sai abu ɗaya. Ta ce, "Ka sa in ji muryar ɗan'uwanka kafin in tafi."

Ranar Alhamis na danna. Aikin ya kai kashi sittin da biyu cikin ɗari, allon ya koma shuɗi, injin ya mutu. Na sake. Kashi hamsin da takwas. Na sake. Wannan karon ko shuɗin bai nuna mini ba, daskarewa ya yi kamar an ɗaure shi.

Kowa ya ce in mayar da saitin duka yadda ya zo daga kamfani in huta. Na ji tsoro. Ka taɓa gaya mini cewa a wannan shafin ka haɗe faya-fayan ajiya biyu suka zama ɗaya, kuma in aka share saitin injin zai iya daina ganinsu. Muryarka tana ciki. Ban san ko gaskiya ka faɗa ko tsoratar da ni kake yi don kada in taɓa maka kaya ba, kuma yanzu ba ni da wanda zan tambaya.

Sai na bi hanyata, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Juma'a na rage gudu zuwa huɗu da ɗigo bakwai. Ya mutu. Asabar, huɗu da ɗigo shida. Ya mutu. Lahadi na je wurin maƙwabcin shagonka, mai sayar da wayoyin wuta, ya ce, "Ai yunwa take ji, ƙara mata wuta." Na ƙara. Maimakon awa biyu, minti arba'in ta yi ta kife, ma'aunin zafi yana nuna digiri casa'in da tara. Litinin na ciro ɗaya daga cikin katakon ram biyu, wato ma'ajiyar wucin gadi ta injin, na gwada da ɗaya, Talata na musanya su. Laraba na buɗe akwatin kwamfutar, na hure ƙura, na goge tsohon man da ke tsakanin firosesa da abin sanyaya ta, na shafa sabo, na mayar da murfin, na ɗaure notinsa huɗu tsaf. Ya mutu a kashi saba'in da ɗaya. Na rubuta a littafina: "Wataƙila ni ne ban iya ba. Wataƙila ban taɓa iyawa ba." A ƙasa kuma na rubuta wata magana game da kai wadda na roƙi Allah gafara a kanta.

Ranar Alhamis da rana tsaka Anti, matarka, ta shigo ɗakin da kwamfutar take da ruwan sha, karo na farko da ta iya taka ƙofarsa tun rasuwarka. Ta tsaya tana kallon tebur.

"Magatakarda, wa ya rufe wannan akwatin?"

Na ce, "Ni ne, Anti. Washegarin rasuwa na tarar da murfin a jingine da bango, na mayar."

"To ina fankar?"

"Wace fanka?"

"Fankar tebur mana, mai ƙaran nan kamar keken ɗinki. Ai yayanka ba ya kunna abin nan sai ya ɗora ta a kan kujera tana hura masa ciki. Fankokin cikin ya cire su tun bara ya sa wa wata malama da kwamfutarta ke mutuwa. Kullum sai na ce ya sayi wasu, ya ce gobe."

Fankar tana falo. Ni da hannuna na kai ta can saboda masu zuwa gaisuwa. Na buɗe littafina, ga shi nan a shafin sha biyar ga wata, da rubutuna mai kyau: "Na gyara ɗakin Yaya. Na rufe kwamfuta. Na kai fanka falo." Kwana takwas ina neman ɓarawo, ashe yana sanye da rigata. Jiya-jiya na leƙa cikin akwatin nan, na ga ramukan da babu komai, na ɗauka haka aka ƙera shi.

Amma Yaya, tsakaninka da Allah, layi ɗaya fa! Da ka manna 'yar takarda ka ce kada a rufe, me zai ci maka?

Na kwance murfin na jingine shi inda na same shi. Na ɗauko fankar na ɗora a kujera. Na nemo lambobinka na ƙarshe a littafin nan da kake yi wa dariya, na mayar da su ɗaya bayan ɗaya, huɗu da ɗigo takwas, da wutar da ka ba ta. Na so in rage ko da kaɗan ne, sai na ji kamar kana bayana. Na danna. Zafi ya tsaya a saba'in da huɗu bai motsa ba. Kafin la'asar aikin ya cika kashi ɗari.

Ranar Juma'a muka zaunar da Inna kusa da lasifika. Muryarka ta fito, kana cewa, "Inna, wannan Baba ne a ƙofar tsohon gida. Wannan mai murtuke fuskar kuma Magatakarda ne, tun yana ɗan shekara shida yake tunanin abin da zai lalace." A bayan muryarka, tun daga farko har ƙarshe, ana jin fankar nan tana ƙarar-ƙarar. Sau nawa na saurari guntayen aikin nan cikin kwanakin, ban kula ba. Inna ta saurara har ya ƙare. Sannan ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ashe har ya tafi bai gyara fankar nan ba."

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka cire naka ka sanyaya na wasu, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Anti da yara, da Auta, da dukkan 'yan layinku. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen, amin.

Na sayo sababbin fankoki biyu ranar Asabar bayan na raka su Inna mota. Suna nan cikin kwalinsu a kan tebur. Murfin kuma yana jingine da bango, kuma na manna masa takarda.